Tafiyata Baton Rouge, filin da Skip Bertman ya raya

Shekara 19 ke nan ina malamin wasanni a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa zama na kalli wasan besbol ba, ko a talabijin. Ƙwallon ƙafa na sani, sai guje-guje da ɗan abin da ba a rasa ba na ƙwallon raga. Ƙanena ne sila. Ya yi karatun injiniyan man fetur a Jami'ar Jihar Louisiana, wadda kowa ke kira LSU, ya samu aiki a Houston, ya yi aure har da 'ya'ya biyu, ban taɓa zuwa na ga muhallinsa ba. Da biza ta fito, bayan dala 185 na kuɗin nema da zirga-zirgar Abuja, sai muka tsayar da tafiya bayan ƙaramar Sallah ta 2024.

Daga Abuja muka tashi zuwa Doha, daga can kuma kusan awa 16 a sama kafin Houston. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya matse ni.

A filin jirgi ne na fara karo da dokar ƙasar. Bayan an buga mini hatimi, wani jami'i ya tambaye ni ko ina ɗauke da abinci. Na faɗa masa gaskiya: akwai kuka, akwai yaji, akwai busasshiyar kuɓewa, akwai kilishi. Aka nuna mini wani layi dabam. Matar da ta buɗe jakar ta sa safar hannu, ta shinshina kukar, ta mayar. Da ta zo kan kilishin, wanda Hajiyarmu ta aika aka sayo a Agadasawa, ta naɗe shi da hannunta a takarda ninki uku, sai ta ɗaga shi ta ce nama ba ya shiga, ko busasshe ne. Ba ta ɗaga murya ba, har ta ce da na ɓoye aka gano, da tara zan biya. Ina kallo ta jefa shi a wani babban bokiti mai murfi. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Hajiya ta shekara 6 ba ta ga ɗanta ba, wannan ne abin da ta iya aika masa. Da na faɗa wa ƙanena a mota, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Yaya, kada ka gaya mata. Ka ce na ci, na gode.”

Kwanakin Houston na zumunci ne da barci. A daren na biyar muna hira bayan isha'i, na shiga yi masa kukan aikina. Duk shekara sai na haɗa yara, na koya musu tsayuwa da raba ƙwallo, da zarar sun fara fahimtar juna sai su rubuta jarrabawar fita su watse. Filin da muke atisaye an ci gefensa da shaguna. Ranar wasa ko malamai ba sa tsayawa kallo, balle iyaye. Na ce masa ina tunanin in ajiye usur in koma aji kawai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Yaya, jibi Juma'a za mu Baton Rouge. Akwai wani malamin sakandare da nake so ka ga aikinsa.”

Muka fita bayan sallar asuba. Man da muka sha, galan dala 3 da 'yan kai, shi da kansa ya zuba, ba mai sayarwa a bakin famfo. Hanyar sunanta I-10, ta miƙe gabas, kilomita wajen 430. Muka wuce matatun mai na Baytown suna ta haske kamar gari, muka wuce Beaumont, muka haye kogin Sabine, sai ga allo yana yi mana maraba da zuwa Louisiana da Turanci da Faransanci. Na gyara zama ina jiran shinge, domin jiha muka canza. Babu. Tun daga ƙofar gida har masauki ba wanda ya ɗaga mana hannu, ba ganga, ba katako mai ƙusoshi, ba “ina takardu”. Sau biyu na hangi motar 'yan sanda a laɓe a gefen hanya, ƙanena ya ce gudu suke aunawa da na'ura. Manyan motoci kaɗai ke ratsewa a auna nauyinsu. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Kaduna ya san abin da ya riƙa zuwa mini a rai.

Gadar Lake Charles ta tsorata ni, tsayinta kamar mota za ta hau gajimare. Bayanta ƙasa ta shimfiɗe, gonakin shinkafa dama da hagu, ruwa kwance a ciki kamar Kadawa da damina. Sai na lura da wasu 'yan jajayen abubuwa a jere a kan ruwan. Ashe tarkuna ne. In an girbe shinkafa sai a sake cika gonar da ruwa a yi kiwon wani ɗan halitta mai kama da jatan lande, gona ɗaya amfani biyu. Na daɗe ina tunanin manomanmu na Kura.

A kusa da Lafayette muka tsaya shan shayi, a nan ya ɗauki takardar goge hannu ya zana mini wasan. Murabba'i ne a tsaye kan kusurwa, tasha huɗu, tsakanin kowace da kowace ƙafa 90, ta huɗun ita ce gida. Kowane ɓangare mutum 9. Mai jifa yana tsaye a wani ɗan tudu a tsakiya, ƙafa 60 da rabi daga gida, yana wurgo ƙwallo, mai sanda yana neman ya make ta ya ruga tasha ta farko kafin a tsinto a jefa can. Wanda ya kewaye tashoshin ya dawo gida ya ci ɗaya, kamar yadda ruwa ke neman sha a langa. In aka fitar da mutum uku sai a yi musaya, haka har zagaye 9. In kuwa ka maka ƙwallo ta ƙetare katanga, kai da duk wanda ke kan tasha kun dawo gida salin alin. Ba agogo a wasan. Wannan ya tsaya mini a rai: ba wanda zai ɓata lokaci ya tsira, dole sai ka jefa wa abokin hamayya ƙwallonsa ta ƙarshe.

Sai gadar Atchafalaya. Kilomita 29 muna tafiya a kan ginshiƙai, ƙarƙashinmu fadama ce iya ganinka, bishiyoyi tsaye a cikin ruwa har gwiwa, wani ɗan kwalekwale can nesa. Ban yi magana ba har muka sauka. Da hantsi muka haye Misisipi, ginin majalisar jihar mai hawa 34 ya bayyana ta hagu, muka shiga Baton Rouge.

Mun samu Juma'a a masallacin garin, sahu ɗaya da Larabawa da 'yan Pakistan da baƙaƙen Amurka da wasu ɗalibai 'yan Senegal. Masaukinmu ɗan otel ne a bakin hanya, gado biyu, dala 110 a kwana, a lokacin kuwa kowace dala ta haura naira dubu. Zafin garin irin na Legas ne, mai danshi, riga na manne wa jiki, ga sauro da yamma. Abinci sai da taka-tsantsan. Suna da dafa-dukarsu da suke kira jambalaya, ƙamshinta ya cika ko'ina, amma akasari da naman alade a ciki, haka wakensu. Sai ka tambaya sau biyu. Muka ci soyayyar tarwaɗa da wata miya mai suna gumbo, ta kifi da kuɓewa, a kan shinkafa. Cokali ɗaya na kai na gane 'yar gida ce. Sunan ma daga Afirka ya zo tare da bayin da aka kawo, sunan kuɓewa ne a wasu harsunan can. Na ci ina tunanin waɗanda suka fara dafa ta a wannan ƙasa.

Da la'asar muka shiga jami'a. Komai shunayya ne da ruwan zinari, tun daga tutoci har rigunan jarirai. Mun tsaya kallon damisar makarantar, mai rai, a wani katafaren keji mai tafki, daura da filin ƙwallon Amurka da ke ɗaukar mutum sama da dubu 100. Daga nan muka bi wani titi, na ɗaga kai na karanta sunansa: Skip Bertman. Ƙanena ya ce, “Ga malamin naka nan.”

Filin besbol ɗin yana kudu kaɗan. Sunansa Alex Box, sunan wani tsohon ɗan wasan makarantar da aka kashe a Tunisiya a 1943 a Yaƙin Duniya na Biyu. An buɗe wannan sabon ginin a 2009, a 2013 aka sa wa dandalin wasan da ke ciki sunan Bertman, a 2019 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a waje. A gabansa muka tsaya, ƙanena yana ba ni labari, ina haɗawa da abin da ke rubuce a jikin bango.

An haifi Bertman a Detroit a 1938, ya tashi a Miami Beach, ya yi wa Jami'ar Miami wasa a matsayin mai tare ƙwallo a bayan mai sanda, wato wanda ke tsugune yana ganin fili duka yana ba mai jifa ishara da yatsu. Bai zama ƙwararren ɗan wasa ba. Sakandaren garinsu ya koma, ya shekara 11 yana horar da yara, ya ci kofin jihar Florida a 1970. Shekara 11 a sakandare. Na sa ƙanena ya maimaita mini. Daga 1976 ya zama mataimakin koci Ron Fraser a Jami'ar Miami, mutumin da ya shahara wajen jawo jama'a filin wasa, ya zauna a ƙarƙashinsa shekara 8 yana koyo. A gasar ƙasa ta 1982, wadda Miami ta lashe, suka yi wata dabara da har yau ake labarinta, kuma ana danganta shirya ta ga Bertman. Mai jifa ya yi kamar ya wurga ƙwallo tasha ta farko, mai tsaron tashar ya faɗi kamar ta kuɓuce masa, 'yan benci suka tashi suna nuna can gefe, ɗan wasan abokan hamayya, Jami'ar Wichita State, ya zaci ƙwallo ta ɓace ya kwasa da gudu, alhali tana hannun mai jifa. A tasha ta biyu aka tare shi. Irin wannan ba ya yiwuwa sai mutum goma sha sun yi atisayensa har kowa ya san rawarsa, saboda dama ɗaya da mai yiwuwa ba za ta zo ba.

Yana da shekara 45 aka ba shi aikin kocin besbol na LSU, ya fara a kakar 1984. Kafin zuwansa sau ɗaya tak makarantar ta taɓa shiga gasar ƙasa, a 1975. Garin na ƙwallon Amurka ne, besbol ba ta da kowa.

Washegari Asabar muka dawo awa uku kafin wasa, amma mun tarar da wajen ajiye motoci ya zama kasuwa. Rumfuna, kujeru, manyan tukwane a kan gas, kowane iyali da girkinsu. Tikitinmu dala 25 kowanne, a waya yake, ba takarda. A ƙofa aka bi da mu ta na'urar bincike, mata kuma jakarsu sai mai nuna abin da ke ciki. Filin na ɗaukar mutum dubu 10 da 'yan kai, kuma ya cika. Ciyawar kamar darduma. Kafin a fara na ga ma'aikata suna jan tiyo suna yayyafa wa jar ƙasar ruwa, wani ya durƙusa yana gyara farin layi da hannu. A bayan katangar dama akwai ƙaton allo da kan damisa, an jera shekarun da suka ci kofin ƙasa: 1991, 1993, 1996, 1997, 2000, 2009, 2023. Biyar na farko duk na Bertman ne.

Kusa da ni wani dattijo Bature ne da matarsa, da littafin rubuta sakamako a cinyarsa da fensir a bayan kunne. Hulata ta zanna ce ta jawo hira. Da ya ji aikina sai ya miƙo hannu, daga nan har muka rabu “Koci” yake kirana. Ya ce tun a tsohon filin yake zuwa, lokacin da za ka iya ƙirga 'yan kallo da ido, ka ji muryar kowa. Ya ce Bertman da ya zo bai tsaya ga yara kaɗai ba. Duk ƙungiyar da ta gayyace shi cin abincin rana sai ya je ya yi magana, ya roƙe su su sayi tikitin shekara, su zo da 'ya'yansu. Ya damu da tsabtar fili da wurin zaman mutane kamar yadda ya damu da hannun mai jifa. Ya koya wa garin wasan, in ji dattijon, har suka san lokacin tafi da lokacin shiru. Daga 1996 LSU ta yi shekara fiye da 20 a jere tana gaba da kowace jami'a a Amurka wajen yawan 'yan kallon besbol.

Aka fara. Sandar jami'a ta ƙarfe ce, ba ta katako ba irin ta ƙwararru, in ta haɗu da ƙwallo sai ka ji ƙara kamar an buga ƙararrawar makaranta. Da farko wasan ya yi mini sanyi, tsayuwa ta fi gudu yawa. Dattijon ya ce in daina bin ƙwallo, in kalli mutumin da ke tsaye kusa da tasha ta uku. Sai na ga yana taɓa hula, ya shafa ƙirji, ya ja kunne, duk saƙo ne ga mai sanda da masu gudu. Kowace jifa da shawararta. Daga nan ban ƙara jin gajiya ba.

A tsakanin zagaye ne ya ba ni abin da na fi riƙewa. Na ɗauka kofi ya zo wa Bertman da wuri. Ina! Gasar ƙarshe a Omaha ake yin ta, a jihar Nebraska, tun 1950, ƙungiya 8 kacal ke zuwa. Ya kai su karon farko a 1986, aka koro su. A 1987 suna gaba da Jami'ar Stanford a zagaye na 10, wanda aka ƙara saboda canjaras, ya sa wani sabon yaro mai suna Ben McDonald ya yi jifa, wani Paul Carey ya maka ƙwallo waje da mutum uku a kan tasha, Stanford ta ci 6 da 5. Labarin McDonald bai ƙare a nan ba, kocinsa ya ci gaba da ba shi ƙwallo, a 1989 shi ne na ɗaya da aka zaɓa cikin duk matasan Amurka zuwa gasar ƙwararru, Baltimore ta ɗauke shi. Suka koma Omaha a 1989, suka koma a 1990, hannu rabbana. Sau huɗu ke nan. Sai a 1991, kakarsa ta 8, yana da shekara 53, suka doke Wichita State 6 da 3. Na tambayi kaina wane kulob ne a wajenmu zai bar koci ya je bakin kofi sau huɗu ya dawo, a ce masa ci gaba. Mu wasa uku in ba nasara an fara neman wanda zai gaje ka, wani lokaci a rediyo za ka ji an sallame ka. Kuma muna mamakin yadda ba abin da ke ɗorewa.

Da muka zo kan 1996 sai dattijon ya rufe littafinsa. Ya ce yana Omaha a ranar, 8 ga Yuni, a tsohon filin Rosenblatt. Wasan ƙarshe ne da Miami, makarantar da ta rene Bertman. Zagaye na 9, Miami na gaba 8 da 7, an fitar da mutum biyu, saura ɗaya kofi ya tafi. Mutum ɗaya na tasha ta uku. Wanda layi ya zo kansa Warren Morris ne, na tara a jerin masu bugu, wanda ƙashin tafin hannunsa ya karye aka yi masa tiyata a tsakiyar kaka, duk shekarar bai ƙetarar da ƙwallo katanga ba ko sau ɗaya. Jifar farko ya maka ta. Ta tafi ƙasa-ƙasa ta kusurwar dama, ta tsallake da ƙyar. 9 da 8. 'Yan Miami suka zube a fili rub da ciki. Yana faɗa muryarsa na rawa, matarsa ta dafa hannunsa, labarin da ya shekara 28.

Na ce masa ni ma ina da 1996 tawa. A watan Agustan shekarar, a wasannin Olamfik na Atlanta, muna cunkushe gaban talabijin ɗaya a unguwarmu Najeriya ta doke Ajantina 3 da 2 ta ɗauki zinare, bayan Kanu ya fitar da Brazil. Ya buga cinya ya ce ai Bertman ne kocin besbol na Amurka a wannan Olamfik ɗin, tagulla suka samu, kuma Morris na cikin tawagar. Muka yi ta dariya kamar mun daɗe da sanin juna. Matarsa ta buɗe mini wani ɗan kwano na gyaɗa dafaffiya, na ci, irin tamu ce sak sai dai gishiri ya fi yawa.

Sauran na ji su a gurguje. A 1997 yaransa suka ƙetarar da ƙwallo katanga sau 188 a kaka ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba, suka lallasa Alabama 13 da 6. A 2000 suka rama wa Stanford, 6 da 5, da bugun ƙarshe. Sau 11 ya je Omaha, sau 5 ya kai wasan ƙarshe, bai faɗi ko ɗaya ba. Da ya ajiye a 2001 bayan kaka 18, ya ci wasa 870, an ci shi 330, canjaras 3, aka jingine lambarsa 15 ba mai sake sa ta.

Akwai wani labari da yake yawan ba yaransa, dattijon ya ce duk ɗan LSU ya san shi. Ka ɗauka kana reto a bakin dutse, igiya ɗaya ce tsakaninka da halaka, wa kake so ya riƙe ɗaya bakin? Wanda ka san ko igiyar za ta yanke masa hannu jini na zuba ba zai saki ba. Sai ya ce kowa ya dubi na kusa da shi ya tambayi kansa ko shi irin wannan mutumin ne. Na rubuta wannan a bayan takardar da ƙanena ya yi mini zane.

A hanyar komawa masauki na ce wa ƙanena ai su suna da kuɗi, shi ya sa. Ya ce kuɗi akwai, amma matsalata ita ce tasu. Ɗan wasan jami'a in ya yi shekara 3 ko ya cika 21 ƙwararru na iya ɗauke shi, kuma mafi kyawu su ake fara ɗauka. A lokacin da na je, gurbin karatu kyauta 11.7 kacal doka ta yarda a raba wa 'yan wasa sama da 30, yawancinsu iyaye ke cika sauran. Ke nan tsakanin kofin 1991 da na 2000 an sake yara kakaf fiye da sau biyu. Abin da bai canza ba shi ne mutumin, da tsarin atisayensa, da jama'ar da ya tara. Ya kuma ce kada in ɗauka haƙurin nasu ba shi da iyaka. Bertman ya zama shugaban wasannin jami'ar gaba ɗaya daga 2001 zuwa 2008, wanda ya gaje shi a aikin koci kuwa tsohon mataimakinsa ne, Smoke Laval. Laval ya kai su Omaha sau biyu, amma da 2006 ta yi muni dole ya sauka, a ƙarƙashin maigidan nasa. Bertman ya ɗauko Paul Mainieri, shi ya ci na 2009. Wannan ya yi mini nauyi. Mutumin da aka yi wa uzuri shekara 8 ya gina abin da ya hana a yi wa na bayansa irin wannan uzurin. Na kwana ina juya shi, har yanzu ban gama da shi ba.

Lahadi muka juyo. Ruwan sama ya kama mu a kan doguwar gadar, motoci suka kunna fitila suna tafiya sannu, muka haɗa azahar da la'asar a wani wurin hutawa bayan Lake Charles. Bayan mako biyu na kamo hanyar gida ta Doha, da ƙwallon besbol ɗaya mai jan ɗinki a jakata da hular shunayya da dattijon ya cire daga kansa ya ba ni. Hajiya ta tambayi kilishi tun kafin in zauna. Na ce ya gode ƙwarai, ya ce a yi masa addu'a.

Litinin ta farko da komawa makaranta yara 14 suka fito atisaye. Kafin mu taɓa ƙwallo na raba musu buhuna muka tsince leda da kwalabe daga wannan raga zuwa waccan, muka ja layi da toka. Da yamma na biya wajen kafintan bakin titi na tambayi kuɗin benci biyu masu ɗaukar mutum shida-shida, ya faɗa, na ba shi rabi, sauran sai ƙarshen wata. Daga nan na wuce gidan shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Na same shi a ƙofar gida yana alwala, na jira ya idar, muka gaisa, na ce, “Alhaji, alfarma na zo nema. Ranar taronku na gaba a ba ni minti goma, ina so in gayyaci iyaye kallon wasan 'ya'yansu ranar Alhamis.” Ya ce in zo da jadawalin a rubuce.